Jelar jirgin da ya sauka Kano a 1925

Wata uku ke nan wani ɗan jirgin sama yana zaune a kan teburina. Tsawonsa bai kai tafin hannuna da yatsu ba, fiffikensa na sama kuma yana kwance cikin kwalin takalmi yana jiran ranar da za a ɗora shi. Maiɗakina ta sa masa suna amarya, wai tun da ya shigo gidan ba a sake ganin fuskata a tsakar gida bayan sallar isha'i ba. Ban yi musu ba.

Mu da muka tashi muna ƙera motar langa-langa da jirgin karan dawa mun san daɗin abin. Ka samo kara, ka ɓare bayansa, ka tsira tsinke a cikin totuwar, kafin la'asar kana da jirgi mai fukafukai biyu har da farfela. Babu wanda zai tambaye ka wane iri ne ko na wace ƙasa. Wannan da nake haɗawa yanzu, kwaikwayon wani jirgin yaƙin Ingila mai suna DH.9A, na roba ne, ya zo cikin kwali gunduwa-gunduwa, wani abokina ya riƙo mini shi daga waje. Ma'auninsa ɗaya bisa 72, wato kowace santimita ɗaya a jikinsa tana tsaye a madadin santimita 72 ta jirgin gaske. Jirgin gasken faɗin fukafukansa kusan mita 14 ne, tsawonsa mita 9 da ɗan ɗoriya. Nawa kuwa santimita 19 da 'yan kai a faɗi, kusan 13 a tsawo. Haɗa robar ba ita ce wahalar ba, mako biyu ya isa. Abin da ya cinye mini wata uku shi ne sanin wane launi zan shafa a ina, saboda ba kowane DH.9A nake so ba. Ina son ɗaya daga cikin ukun da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, kuma ina son shi yadda yake a ranar.

Ga wanda bai san labarin ba: ranar 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku na rundunar sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kudu da Alƙahira. Na rukuni na 47 ne, kowane da mutum biyu a ciki, jagoransu wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi kogin Nilu ta Wadi Halfa zuwa Khartoum, suka yanko yamma ta Darfur, suka ratsa ƙasar Chadi da ke hannun Faransa a lokacin, suka shigo ta sararin Borno. Duk wanda kakansa ya je Makka a ƙafa ya san wannan hanya, domin ita ce ta alhazai, sai dai su sun biyo ta ne daga gabas. Abin da kan ci wa mahajjaci watanni, wani ma shekaru, su suka yi shi cikin kwana shida. Zamanin Sarkin Kano Usman ne, shekara guda kafin Abdullahi Bayero ya hau. Babu filin jirgi, a filin dawakai suka sauka. Daga nan suka ƙarasa Kaduna, sannan suka juya, suka isa Helwan ranar 19 ga Nuwamba. Shi Coningham ɗin an haife shi a Ostareliya, ya girma a New Zealand, daga baya ya jagoranci sojan saman Ingila a yaƙin hamadar Arewacin Afirka. A watan Janairu na 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a teku kusa da Bermuda, har yau ba a ga ko ɓaraguzansa ba. Ikon Allah, mutumin da ya ƙetare rairayin Sudan da jirgin yadi da katako.

Cikas na farko ya zo tun kafin in buɗe kwali. In ka shiga intanet kana neman jirgin farko da ya sauka Kano, za ka yi ta cin karo da rubuce-rubucen da ke cewa Bristol Fighter ne. Na ƙirga shafuka da yawa masu faɗin haka, har na fara tunanin na sa an sayo mini abin da ba shi ba. Da na natsu na karanta su a jere sai na ga jimla ɗaya ce ake ta kwafa, har da waƙafinta. Shafi goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ne. A makarantar dare an koya mana cewa ba a karɓar magana don yawan masu maimaita ta, sai an bi isnadinta an ga daga bakin wa ta fito. Da na bi na wannan, sai na tarar tarihin rukuni na 47 da tarihin rayuwar Coningham duk DH.9A suka ambata, guda uku, da ranar tashi da ranar komawa. Kuma in hoto ya zo hannunka, bambance jiragen biyu ba wuya. Gangar jikin Bristol a rataye take tsakanin fukafukai biyu, na ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashin cikinta da 'yar tazara, har kana hango haske ta tsakani. Na DH.9A kuwa fiffiken ƙasa a manne yake da jiki, hancinsa kuma shafaffe ne kamar an yanke shi da wuƙa, saboda lagireto mai kusurwa huɗu da ke gaban injin.

Wannan hancin ma shi ke raba shi da yayansa, DH.9 marar harafin A. Wancan injin Puma gare shi, wanda ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa a sama a 1918. Sai kamfanin Westland ya sake fasalin jirgin, aka ƙara masa faɗin fukafukai, aka ɗora masa injin Liberty na Amurka mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Matuƙa suka riƙa kiransa Ninak. Ya shiga aiki a watannin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma yawancin rayuwarsa bayan yaƙin ya yi ta, a Iraƙi da Masar da iyakar Indiya, har zuwa 1931.

Cikas na biyu na faɗa masa ne saboda son sauƙi. Akwai DH.9A guda da ya rage, yana gidan tarihin sojan sama da ke Landan, lambarsa F1010, kuma hotunansa masu launi sun cika intanet. Tarihinsa kansa abin ji ne. Nizam, sarkin Hyderabad ta Indiya, ne ya biya kuɗin jiragen rukunin da yake ciki, na 110. Ya faɗa hannun Jamusawa a watan Oktoba na 1918, aka kai shi gidan kallo a Berlin, yaƙi na biyu ya tura shi Poland, sai a 1977 aka musanya shi da jirgin Spitfire ya koma Ingila. Na ce alhamdulillahi, ga gani ya kori ji. Har na sayi fenti ruwan ƙasa mai sirkin kore. Amma F1010 kayan 1918 ne a jikinsa. Wannan launin ana kiransa PC10, haɗin jan ƙasa mai ɗorawa-ɗorawa ne da ɗan baƙin hayaƙi, kuma masu irin wannan sha'awa tamu sun shekara da shekaru suna gardama a kan ko ya fi karkata ga kore ko ga ruwan ƙasa. Na gode Allah wannan rigimar ba tawa ba ce. Kafin 1925 sojan saman Ingila sun koma launin azurfa. Dalilin kuwa rana ce. Jikin jirgin yadin lilin ne da aka ɗame a kan katako, aka shafe shi da wani ruwan gam da ke sa shi ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Hasken rana yana cinye yadin, shi ya sa ake zuba garin alminiyam cikin shafin ƙarshe don ya mayar da hasken. Jirgin da zai kwana ya wuni a filin Allah a Masar, wannan shafin shi ne lemarsa. Kwalbar fentin PC10 tana nan a durowa, ban ko buɗe ta ba.

Azurfar ma ba irin ta sabuwar tukunya ba ce. Na fara da fentin da masu gyaran keke ke fesa wa rim, sai jirgin ya fito yana walƙiya kamar kwanon rufi. Yadin da aka shafa wa garin alminiyam ba ya sheƙi haka, haskensa a dushe yake. Sai da na ɗiga masa farin fenti da ɗan ruwan toka kafin ya kwanta. Gaban jirgin kuma, inda falle-fallen ƙarfe ke rufe da inji, da inda katako yake, kowane na ba shi nasa ɗan bambancin, saboda a hotuna ba sa ɗaukar haske iri ɗaya da yadin.

To, yanzu ga inda na kwafsa.

A ƙarshen jelar jirgin akwai wani allo a tsaye, wanda matuƙi ke juyawa da ƙafa in zai karkata dama ko hagu. Jiragen Ingila na wancan zamani suna da ratsi uku a tsaye a kan wannan allo: shuɗi, fari, ja. Tambayar ita ce wane ne a gaba, wane ne a baya. Ina da hoton wani DH.9A a Gabas ta Tsakiya na shekarun 1920, na sa aka buga mini shi babba a shagon kwamfuta. Hoton fari da baƙi ne. Ratsin gaba ya fito ruwan toka mai haske, na tsakiya fari, na baya kuwa baƙi ƙirin. Na ce ai wannan ba ya buƙatar bincike. Shuɗi ya fi ja duhu, kowa ya san haka, ɗan Kano ba za a koya masa duhun shuni ba. Saboda haka mai duhun nan na baya shi ne shuɗi, mai hasken na gaba shi ne ja. Allon a ma'aunina bai fi farcen babban yatsa ba. Na yanka salatif ɗin takarda siri-siri da reza, na shafa fari, na jira kwana guda, na rufe, na shafa ja a gaba, na jira, na shafa shuɗi a baya. Dare uku. Da na ɓare salatif ɗin layukan suka fito sumul, har na ɗauki hoto na tura wa abokin da ya kawo mini kwalin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kawuna ya biyo ta gidan. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura saba'in, kuma ya yi shekaru sama da talatin yana sana'ar hoto, tun zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a wanke. Yawancin hotunan suna da na biki na danginmu shi ya ɗauka. Aka kawo masa ruwa, na ɗauko jirgin da hoton na ajiye a gabansa, ina jiran yabo. Ya ciro tabarau, ya dubi jirgin, ya dubi hoton, ya sake duban jirgin. Ya daɗe.

Ya ce, “Ɗana, wannan da'irar da ke gefen jirgin, ɗigon tsakiyarta wane launi ne?”

Na ce, “Ja ne, Kawu. Na Ingila ja ne a tsakiya, fari, sannan shuɗi a waje.”

“Ka tabbata?”

“Wannan kam babu shakka.”

Ya ɗora yatsa a kan hoton. “To a nan yaya ɗigon ya fito?”

Na duba. Baƙi ƙirin.

“Zoben wajen fa, wanda ka ce shuɗi ne?”

Ruwan toka mai haske. Daidai da ratsin gaba na jelar. Na ji wani gumi ya karyo mini. Amsar tana cikin hoton tun farko, tazararta da jelar bai kai rabin taƙi ba, ni kuwa na yi mako biyu ina kallonsa da gilashin mai gyaran agogo.

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce in tuna lokacin da nake yaro yakan bar ni in shiga ɗakin wanke hoto, wace irin fitila ce a ciki? Na ce ja. Ya ce me ya sa ja? Saboda takardar hoto ba ta ganin ja, a wurinta jan haske da duhu duk ɗaya ne. Ya ce to fim ɗin mutanen da ma haka yake, makaho ne ga ja. Duk abin da yake ja, baƙi yake fitowa. Shuɗi kuwa fim ɗin yana shan sa da yawa, sai ya fito fari-fari. Ya nuna mini sararin sama a hoton, fari fat, babu ko gajimare. Ya ce da zarar ka ga tsohon hoto samansa fari haka, ka yi hattara da launukansa. Ya ƙara da cewa jar dara a tsofaffin hotunan dogarai da 'yan doka baƙa take fitowa, amma babu wanda ya taɓa cewa baƙar dara suke sawa, saboda mun san abin da idonmu.

Bayan ya tafi na koma karatu, na tarar maganarsa ce a rubuce. Irin wannan fim sunansa otokromatik, yana ganin shuɗi da kore, ba ya ganin ja, rawaya ma mai duhu yake mayar da ita. Mai ganin dukkan launuka ya riga ya fito kasuwa kafin yaƙin 1914, amma yana da tsada kuma sai an wanke shi cikin duhu baki ɗaya, don haka yawancin hotunan jiragen wancan lokaci da na farkon aka ɗauke su. Na kuma ga ba ni kaɗai wannan makantar ta taɓa kayarwa ba. Akwai matuƙin Jamus Werner Voss, wanda aka harbo ranar 23 ga Satumba, 1917, cikin jirginsa Fokker mai fukafukai uku, wanda aka zana wa idanu da gashin baki a hanci. Hancin ya fito da duhu a hotuna. Wasu suka ce kore ne mai duhu irin na masana'anta, wasu suka ce rawaya ce, launin rukuninsa, fim ne ya baƙanta ta. An daɗe ana wannan musu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jelar da na fenta ba ƙarya ce zalla ba. Akwai lokacin da jiragen Ingila suka sa ja a gaba, shuɗi a baya, amma sai daga 1930, da aka ba da umarnin juya jerin. Daga zamanin yaƙi har zuwa lokacin, shuɗi ne a gaba kusa da maɗaurin allon, ja a baya. Ke nan na yi wa jirgin 1925 ado da kayan da ba a ɗinka ba sai bayan shekara biyar. Irin wannan ya sha faruwa ga masu haɗa jan jirgin matuƙin Jamus Manfred von Richthofen. A watan Maris na 1918 Jamus ta ba da umarnin a sauya alamarta daga gicciye mai faɗin baki zuwa mai miƙaƙƙun layuka, shi kuwa an kashe shi ranar 21 ga Afrilu. Jirgi ɗaya ne, lamba ɗaya, amma wanda ya ce zai nuna shi a ranar ƙarshe ya sa masa tsohon gicciye, ya nuna wata rana ce daban.

Cire fenti daga abin da bai fi farce ba aiki ne na haƙuri. Tina tana narkar da robar, don haka da auduga da ɗan sifirit na yi ta gogawa, sannan sanfefa mafi laushi. Na sake farawa daga fari. A nan hunturu ya shigo, ya ƙaro mini nasa. Duk wanda ya taɓa shafa fenti a garin nan a watan Disamba ya san abin da nake nufi. Ka share ɗaki, ka rufe taga, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ka shafa, ka juya ka ɗauko murfi, kafin ka waiwayo ƙura ta zauna a kai kamar an barbaɗa gari. A kan farin ratsi kowace ƙwaya sai ta fito. Dabarar da na samu ita ce in yayyafa ruwa a ƙasa, in jira dare ya raba iska ta kwanta, in shafa, nan take in kife robar abinci a kai. Wani dare ina tsakiyar jan layi aka ɗauke wuta, na ƙarasa da fitilar waya a baki. Layin ya ɗan karkace. Na bar shi haka, a gefen hagu yake, wanda ke kallon bango.

Tunda jela ta koya mini hankali, da na zo kan tambarin da'irar ban yarda da kowa ba. Asalinsa na Faransa ne, su suka fara sa shi a jiragen soja a 1912, shuɗi a tsakiya, ja a waje. Ingilawa da suka shiga yaƙi a 1914 tutarsu suka riƙa zanawa a ƙarƙashin fiffike, sai ya zama daga nesa gicciyen da ke cikinta ne kawai ake gani, sojojinsu na ƙasa suna ɗaukar sa na Jamus suna buɗe musu wuta. A watan Disamba na shekarar suka ari da'irar Faransa suka juya launukan. Amma ita ma da'irar ba ta tsaya a fasali ɗaya ba. A 1925 rabonta ɗaya, uku, biyar ne: in faɗin da'irar shuɗi daga baki zuwa baki milimita 15 ne, farin 9 ne, jan ɗigon 3. Wanda aka saba gani yau mai babban ɗigo, na ɗaya, biyu, uku, a 1947 ya zo. Na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa launukansu a dushe suke, jan kamar bulo, shuɗin kamar baƙi. Ina da ragowar sitikun ruwa na wani Spitfire da na taɓa haɗawa, girmansu ya yi daidai, na so in yi amfani da su in huta. Na ɗora su a kan fiffiken na duba sai na ga kamar an sa wa yaro hular kakansa. Na auna waɗanda suka zo cikin kwalin da kamfas ɗin akwatin lissafin 'yata, suka yi daidai da rabon, sai na bar su.

Lambar jirgi kuwa, wadda ta zo a kwalin ta wani ne da ya yi aiki a Iraƙi, don haka na ajiye ta gefe. Tsarin lambobin harafi ne ɗaya da alƙaluma har huɗu, baƙaƙe, a bayan gangar jiki da kuma kan ratsin jela. Jiragen da aka sake ginawa a ma'aikatar soja da ke Abu Qir a Masar akan ƙara musu harafin R bayan na farko. Manyan lambobin nan na ƙarƙashin fiffike da ake gani a hotunan jiragen azurfa, waɗanda aka ƙirƙiro don a gane matuƙan da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan gidajen mutane, bayan tafiyar Kano suka zo, saboda haka ƙasan fiffiken nawa da'ira ce kawai. Lamba ita ce abu na ƙarshe da zan manna.

Sashen da na fi jin daɗinsa shi ne kayan hamada. DH.9A na Turai jirgi ne tsaf-tsaf, amma na Masar da Iraƙi in ka gan shi a hoto kamar motar ƙauye ranar kasuwa. Akwai ƙarin lagireto a rataye ƙarƙashin hanci, saboda na gaban kaɗai ba ya iya sanyaya inji a zafin can. Akwai ƙarin tankin mai a ƙarƙashin fiffiken sama. Akwai safaya taya ɗaure a jikin jirgin, domin in ƙaya ta fasa maka taya a tsakiyar Darfur babu bakanike. Wasu har da salkar ruwa a rataye, irin ta fatar akuya da makiyaya ke ɗaura wa jaki. Da na ga salka a jikin jirgin yaƙin Bature sai da na yi murmushi. Lagireton na yanko shi daga tsohon katin waya, na zazzana masa layuka da allura. Salkar da ɗan ƙullin gam na murza ta, girmanta bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ta faɗi ƙasa sau biyu, sau ɗaya sai da muka haɗu da yara muna rarrafe da fitila kafin aka gano ta a jikin silifa.

Saura wayoyi. Tsakanin fukafukan biyu akwai sanduna takwas a tsaye, ban da huɗun da ke kan gangar jiki, kuma duk an ɗaure su da wayoyi a gicciye. Su ne ƙarfin jirgin, in babu su fukafukan naɗewa za su yi. A ma'aunin 72 kaurin wayar ya kamata ya yi kusa da na gashin kai. Zaren ɗinki ya yi kauri kuma yana da gashi-gashi, lilon fatsa mafi siriri da na samu a kasuwa ma ya fito kamar igiyar shanya. Maiɗakina ce ta warware mini, duk da kishin da take yi da amaryar. Ta miƙo mini ragowar gashin kanti da aka yi wa 'yarmu kitson Sallah da shi. Sili ɗaya, a ja shi ta cikin tsumma mai fentin ruwan toka, a ɗiga gam mai kamawa nan take da bakin allura, a riƙe da hantsaki a ƙirga ashirin. In ya yi sako-sako, sai a kunna turaren tsinke a kusanto da shi daga nesa, zafin ya sa ya ɗame. In ka kusanto da yawa, ya tsinke, ka sake. Na gama na jela da na ƙafafun taya, na fukafukai suna jiran in ɗora na sama.

Juma'ar da ta wuce Kawu ya sake biyowa. Na kawo masa jirgin, shuɗi a gaba, ja a baya. Ya sa tabarau ya jujjuya shi a hasken ƙofa, ya taɓa salkar da bakin farce, ya gyaɗa kai. Sannan ya kifa shi ya dubi tayoyin.

Ya ce, “Ka ce kwana nawa suka yi a hanya?”

Na ce, “Shida, Kawu.”

“Suna sauka a rairayi, suna tashi a rairayi?”

“Haka ne.”

“Kuma ya iso Kano tayarsa kamar yau aka ciro ta daga leda?”

Ya ajiye shi, ya nemi takalmansa. Da na raka shi na dawo, na buɗe tagar da na yi wata biyu ina toshewa, na sa busasshen buroshi na ɗebo ƙurar da ta taru a dakalinta, na fara da tayar hagu.